Ƙazuwar Ɓeran Masar: Darasin da Na Koya Bayan Mutuwar Goje

Duk lokacin da aka tambaye ni dalilin da ya sa na zaɓi karatun likitan dabbobi a jami'a, nakan yi murmushi in ce sha'awa ce kawai. Gaskiyar magana kuwa, wani ɓeran Masar ne mai suna Goje ya kai ni, kuma da hannuna na kashe shi ba da niyya ba. Shekara huɗu ke nan, amma har yau idan na wuce garejin makanikai na ji warin baƙin mai sai gabana ya faɗi. Na san da yawa daga cikinku kuna kiwon zomo ko tattabaru ko irin wannan ɓeran a bayan ɗaki. Shi ya sa na ga ya dace in ba ku labarin, ko Allah Zai sa wani ya tsallake ramin da na faɗa.

Ina aji biyu na babbar sakandare a Zariya na sayi guda biyu, mace da namiji, da kuɗin tara da na yi wata uku ina jefawa a asusu. Ga wanda bai taɓa ganin ɓeran Masar ba, wata 'yar dabba ce kuttuɓa mai gajerun ƙafafu, ba ta da jela, kuma babbanta kan kai kilo ɗaya. Ba ta ɓarna irin ta ɓeran gida, ba ta cizo sai an matsa mata ƙwarai. Idan ta ji motsin mai kawo mata abinci sai ta kama wani siririn fito kamar ana busa usur. Sunan dai ya ce Masar, amma asalinta daga tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, wajejen Peru da Bolibiya da Ekwado, inda aka yi dubban shekaru ana kiwonta don nama. Haka masarar da muke tuwo da ita, sunanta ya yi kama da Masar amma daga nahiyar Amurka ta fito.

Ranar da na shigo da su a kwali, Umma ta dafe ƙirji ta ce, "Ɓera a gidana? Wanda muke sa wa tarko shi ka sayo da kuɗinka?" Baba ne ya rarrashe ta. Amma da ya juyo kaina sai ya ce, "Ka sani amana ka ɗauka. Dabbar da ke daji ita ke nema wa kanta. Wadda ka kulle ba ta da kowa sai kai." Na ce na ji, kamar yadda muke cewa mun ji alhali kunne kawai ya ji.

Na haɗa musu akurki da katakon kwalin tumatir da ragar waya, na shimfiɗa ɓuntun shinkafa a ƙasa. Autarmu, wadda a lokacin shekararta bakwai, ita ta raɗa musu suna. Namijin ja ne mai farin goshi, ga ƙiriniya, ta ce sunansa Goje. Macen mai launi uku ta zama Kwalliya. Damina ce, kullum idan an tashi daga makaranta sai in ciko jakata da ɗanyar ciyawa daga bakin filin ƙwallo. Suka yi ɓul-ɓul, gashinsu yana sheƙi. Har Umma ta fara ajiye musu guntun kabeji idan tana girki.

Kuskure na farko

Wajen ƙarshen damina kawuna ya zo ya ba ni kuɗi. Na yi lissafin cewa idan na ƙara mace ɗaya za su riƙa haihuwa in riƙa sayar wa 'yan ajinmu. Na je kasuwa na sami wata a hannun mai sayar da zomaye. Na lura tana da ɗan ɓawon ciwo a kafaɗa, gashin wurin ya yi shara-shara. Da na tambaya sai mai ita ya ce ai faɗa suka yi da 'yan'uwanta, kwana biyu zai warke. Ya rage mini kuɗi, na ji daɗi. Ina zuwa gida na jefa ta cikin akurkin tare da sauran. Auta ta sa mata suna 'Yar Kasuwa.

Babu abin da ya faru a watan farko, har na manta da zancen ɓawon. Sai hunturu ya shigo, ciyawar filin makaranta ta bushe ƙamas. Ga jarrabawar ƙarshen zango ta matso. Maimakon in nemo musu ɗanyen ganye, sai na koma zuba musu dusa da busasshiyar harawa, wani lokaci da ragowar tuwo. Ɓuntun da nake sauyawa duk bayan kwana uku ya koma sai ya yi mako biyu. A raina, tunda suna ci suna sha, ai shi ke nan.

Auta ce ta fara lura. Ta ce, "Yaya, Goje yana ta susa." Na ce mata kowace dabba tana susa, ta ƙyale ni in yi karatu. Bayan kwana biyar ta sake cewa, "Yaya, gashinsa yana zuba." Da na leƙa sai na ga wuyansa da kafaɗunsa sun fara sanƙo. Fatar ta yi kauri, ta yi wani ɓawo rawaya-rawaya kamar busasshen koko a gefen kwano, ga sawun farcensa ja-ja inda ya yayyage kansa. Na kai hannu zan ɗauke shi, dabbar da ke hawa tafin hannuna da kanta ta ƙwalla ƙara ta nemi cizona. Kwalliya ma ta fara susa, ta rage cin abinci. Abin mamaki, 'Yar Kasuwa da ta zo da ɓawon ita ce mai sauƙi a cikinsu. Duk da haka na ce bari a gama jarrabawa.

Wata Asabar da safe muna karyawa, sai muka ji ihun Auta. Muka fito a guje. Goje ya yi susa ya yi susa, ya zagaya akurkin a haukace, sai ya faɗi gefe ɗaya ya sandare yana shure-shure, idanunsa a kafe. Bayan kamar minti ɗaya ya farfaɗo ya lallaɓa lungu yana haki.

Umma ta fizge Auta ta ce, "Wannan ai farfaɗiya ce! Kada ki ƙara zuwa wurin nan." Garin riƙe hannunta sai ta ga wasu ƙananan ƙuraje ja a damtsen yarinyar da gefen wuyanta, daidai inda take rungume su. Nan fa hankalinta ya tashi gaba ɗaya. Ta ce da ni, "Kwana uku na ba ka. Ko ka nemo magani, ko ka fitar mini da su daga gida."

Bari in tsaya nan in gyara wani abu. Farfaɗiya, ko ta mutum ko ta dabba, ba a ɗaukarta ta hanyar taɓawa ko yawu, duk da cewa da yawanmu da wannan tsoron muka tashi. Abin da ya kayar da Goje ma ba ita ba ce, ƙaiƙayi ne ya kai inda jikinsa ya kasa ɗauka. Amma a ranar babu wanda ya san haka a gidanmu.

Kuskuren da ya fi kowanne

Da yamma na kai kukana wurin wani yaron makanike a layinmu wanda ya girme ni. Ya yi dariya ya ce, "Kai dalla, wannan ƙaramin abu ne. Ka wanke shi da sabulun wanki, ka gauraya baƙin mai da ɗan kananzir ka shafe masa jiki. Haka muke yi wa karnuka." Har da tsiyayo mini man a gwangwanin madara, kyauta.

Washegari da sassafe, cikin wannan sanyin, na yi wa Goje wanka. Yana shiga ruwan ya sake sandarewa a hannuna. Ko wannan bai sa na tsaya ba. Da ya farfaɗo na shafe shi da man tun daga wuya har gindi. Na ce bari in gwada a kansa tukuna, idan ya yi sai in yi wa sauran. Wannan jinkirin ne kaɗai abin kirkin da na yi a makon.

Ɓeran Masar dabba ce mai tsabta, kullum cikin lasar jikinta take. Goje ya yini yana ƙoƙarin lashe abin da na shafa masa, kuma irinsu ba sa iya amai, duk abin da ya shiga ciki ya shiga ke nan. Man da aka juye daga inji cike yake da guba da ɓurɓushin ƙarfe, ga fatar duk rauni, ga jiƙaƙƙen gashi ba ya riƙe ɗumi. Da daddare ya ƙi cin komai. Ranar Litinin da asuba na tarar da shi a miƙe, ya yi sanyi. Garin neman gira na rasa ido.

Muka binne shi a gindin darbejiyar bayan gida. Auta tana kuka ta ce, "Yaya, ciwon ne ya kashe shi ko maganin?" Na kasa ba ta amsa.

A makaranta ranar ban fahimci komai ba. Wani abokina ya ce in sayi kafso a kemis in farke in zuba wa sauran a ruwan sha. Har na karɓi sunan maganin a takarda. Allah Ya sa malamarmu ta bayoloji ta lura da yanayina, ta kira ni bayan darasi. Na kwashe labari na faɗa mata. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Wa ya duba su?"

Na ce, "Babu kowa, Malama."

Ta ce, "To wa ya gaya maka abin da ke damunsu, har kake neman magani na biyu?"

Na sunkuyar da kai. Ta karɓi takardar ta duba, ta ce in yaga ta, in kai su asibitin dabbobi. Daga baya na gane cewa ta ceci rayukansu a wannan minti. Kafson dangin fenisilin ne, irin su amfisilin, kuma waɗannan magunguna suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanjin ɓeran Masar, su jawo masa gudawar da kan zama ajalinsa. Maganin da ke warkar da mutum yana iya zama guba ga wata halittar.

Abin da na gani a madubin likita

Baba ya ba ni kuɗin mota bai ce komai ba, shirunsa ya fi faɗa ciwo. Na isa asibitin da kwali a hannu, na tarar da masu shanu da raguna da wani mai ƙaton kare. Wani dattijo ya leƙa kwalin ya ce, "Ikon Allah, yau ɓera ma asibiti?" Aka yi dariya, na ji kamar in juya. Amma likitar da ta karɓe ni ko murmushin raini ba ta yi ba. Ta ɗora kowace a sikeli ta rubuta nauyinta. Ta tambaye ni abin da suke ci, da ranar da susar ta fara, da ko na kawo sabuwa kwanan nan. Da na zo kan zancen baƙin mai sai muryata ta sarƙe. Ta ce, "Ba kai ne na farko ba, ɗana. Amma ka zama na ƙarshe a layinku."

Ta ɗiga ɗan mai mai tsabta a gefen sanƙon Kwalliya, ta kankare wurin a hankali da 'yar aska, ta shafa abin da ta kankaro a kan gilashi, ta sa a madubin likita. Ta ɗan jima tana juya shi, sannan ta ce, "Zo ka ga mai laifin."

Na kafa ido. Ga wani abu kewayayye kamar ɗan kunkuru, da guntayen ƙafafu, yana motsi a hankali cikin ɓurɓushin fata. Kusa da shi ga wasu ƙwayaye masu siffar ƙwan kaza. Jikina ya yi yar. Makonni ina kallon fatar nan da idona ban ga komai ba, ashe gari guda ne a ciki.

Ta yi mini bayani, kuma yanzu da nake karanta abin a aji na ƙara fahimta. Sunan ƙwaron a kimiyyance Trixacarus caviae, an fara bayyana shi a 1972. Ɗan'uwan kaska ne da gizo-gizo, domin babbansa ƙafa takwas gare shi. Girmansa bai kai rubu'in milimita ba, wato ku dubi tsakanin ƙananan layuka biyu na rularku ku raba shi huɗu. Macen ce ke haƙa rami a saman fata tana zuba ƙwai a ciki. Cikin 'yan kwanaki su ƙyanƙyashe, cikin kamar mako biyu su ma su isa yin ƙwai. Yawun ƙwaron da kashinsa ne jiki ke ƙi, shi ne ke kawo ƙaiƙayin da kan sa dabbar ta yayyage kanta, ta daina ci, ta rame, har ta riƙa faɗuwa kamar mai farfaɗiya. A taƙaice, ƙazuwa ce irin ta ɓeran Masar.

Na tambaye ta me ya sa 'Yar Kasuwa da ta kawo shi ba ta jigata ba. Ta ce wata dabbar kan ɗauki ƙwaron wata da watanni jikinta yana danne shi, tana kuma raba wa na kusa da ita. Sai jiki ya yi rauni yake samun dama: sanyi, ƙazantar akurki, cunkoso, ciki, tsufa ko rashin abinci mai kyau. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta shafa cikin Kwalliya ta ce, "Wannan ma ciki gare ta, shi ya sa ta fi waccan jin jiki."

Bangon kuwa ni na tsaga shi da dusa. Yawancin dabbobi, kamar akuya da kare da zomo, jikinsu yana haɗa musu bitamin C da kansa. Ɓeran Masar ba ya iyawa, kamar yadda mu 'yan Adam ba ma iyawa, dole sai ya ci a abinci kullum. A 1907 wasu likitoci biyu a ƙasar Nowe, Axel Holst da Theodor Frolich, suka ciyar da ɓerayen Masar hatsi zalla ba ɗanyen ganye. Sai dabbobin suka kamu da cutar nan mai sa dadashi jini da ciwon gaɓoɓi, wadda ta daɗe tana kashe matuƙan jiragen ruwa. Wannan gwajin yana cikin abin da ya buɗe hanyar gano bitamin C. Ranar da aka koya mana shi a jami'a na yi shiru, domin gwajin da na yi wa Goje ke nan a bayan ɗakinmu ba tare da na sani ba.

Magani

Likitar ta yi musu allurar wani magani mai suna aibamektin a ƙarƙashin fata. Kwalbar irin wadda ake yi wa shanu ce, amma abin da dabbar da ba ta kai kilo ɗaya ba take buƙata daga ciki bai kai ɗigo ɗaya ba, sai da ta sirka shi kafin ta iya aunawa. Ta ce, "Ka ga dalilin da ya sa na auna nauyinsu? Da ka saya a kasuwa ka yi da kanka, da ka ƙara kabari biyu." Ta ce in dawo da su sau biyu, tsakanin kowace allura kwana goma, domin maganin yana kashe ƙwaron amma ba ya kashe ƙwai. Dole a jira waɗanda ke cikin ƙwai su fito a same su kafin su yi nasu. Wanda ya tsaya a allurar farko don ya ga sauƙi, bayan mako uku zai koma gidan jiya. Kuma duk dabbar da ke akurkin sai an yi mata, ko tana susa ko ba ta yi.

Shi wannan magani yana da tarihi mai daɗi. Wani masani ɗan Japan, Satoshi Omura, shi ya samo ƙwayar halittar da ake ciro shi daga gare ta a cikin ƙasar da ya ɗebo a ƙasarsu. William Campbell da abokan aikinsa a Amurka suka gano ƙarfinsa a kan tsutsotsi. Don dabbobi aka fara yin sa, daga baya aka ga yana maganin makantar da ƙudan bakin kogi ke jawo wa mutane. Tun 1987 ake raba shi kyauta da sunan Mectizan, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi amfana. A 2015 mutanen biyu suka sami kyautar Nobel. Wataƙila wasunku an taɓa auna tsayinsu da sanda a ƙauye an ba su ƙwayarsa.

Sauran aikin nawa ne. Na kwashe tsohon ɓuntun na ƙone, na wanke akurkin da tafasasshen ruwa da sabulu, na shanya shi a rana yini guda, na maimaita haka bayan kowace allura. Na rufe gefen da iska ke bugowa da buhu. Likitar ta rage musu farcen ƙafafun baya don kada su ƙara yaga fatar, ta kuma hana ni yi musu wanka. Kullum da yamma sai in bi ta wurin masu kayan miya in karɓo tattasai da ganyen kabeji da alayyahon da suka ɗan kwana, wani lokaci da guntun gwaiba, in wanke in ba su tare da harawa mai tsabta. Ta gargaɗe ni kada in ba su albasa ko ganyen dankalin Turawa. Duk abin da na biya a asibitin, zuwa uku, bai kai kuɗin da na sayi 'Yar Kasuwa ba.

Game da ƙurajen Auta, likitar ta ce ƙwaron kan hau jikin mai rungumar dabbar ya sa shi ƙaiƙayi na ɗan lokaci, amma ba ya iya zama ya hayayyafa a fatar mutum. Duk da haka ta ce a kai ta wurin likitan mutane ya duba, domin ita dabbobi ne aikinta. Umma ta kai ta, aka ba ta man shafawa, cikin mako guda ƙurajen suka baje. Da na maimaita wa Umma bayanin ƙwaron, ta yi shiru sannan ta ce, "To, a bar su. Amma hannu da sabulu duk wanda ya taɓa."

Bayan allura ta biyu susar ta ragu sosai. Ɓawon ya riƙa zubowa, wani lallausan gashi ya fara tsirowa a sanƙon. Ranar da na ji Kwalliya ta sake yi mini fito da ta ji motsin leda, sai da na zauna a ƙasa don daɗi. Cikin ɓeran Masar yakan ɗauki wata biyu da 'yan kwanaki, kuma 'ya'yan suna fitowa da gashinsu, idonsu a buɗe, suna tafiya tun ranar. Mako biyar bayan mutuwar Goje ta haifi uku. Ɗaya ja ne mai farin goshi.

Abin da nake so ku riƙe

Ba kowane zubar gashi ne ƙazuwa ba. Bayan kunnen kowane ɓeran Masar akwai ɗan fili marar gashi, haka Allah Ya yi shi. Kwarkwatarsu ana ganinta da ido tana tafiya cikin gashi. Makero yakan fara ne a fuska, ya yi zagaye, ba ya sa susa mai tsanani haka, kuma shi yana kama mutum sosai. Akwai ma wani ƙwaron da ke maƙale a gashi kawai ba ya shiga fata. Kowanne da maganinsa, kuma ido kaɗai ba ya rarrabe su. Wani lokaci ko an kankare fatar ba a dace da ƙwaron a madubi, likita ne zai haɗa alamomin ya yanke hukunci. Don haka idan dabbarku tana susa ba ƙaƙƙautawa, ko tana kuka idan an taɓa ta, ko gashin wuya da kafaɗa yana zuba, kada ku jira a gama jarrabawa. Idan kuka sayo sabuwa, ku ware ta mako biyu zuwa uku kuna lura da ita kafin ku haɗa ta da sauran. Baƙin mai da kananzir da fiya-fiya kuwa, kada ko ɗaya ya taɓa fatar mai rai.

Ku 'yan makarantar kwana, wannan labarin ya shafe ku ta wata fuskar. Ƙazuwar mutane ma ƙwaro ne ɗan'uwan wannan, mai suna Sarcoptes scabiei, kuma aikinsu iri ɗaya ne: rami a fata, ƙwai, ƙaiƙayin da ya fi tsanani da dare, musamman tsakanin yatsu da wuyan hannu da ƙugu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowane lokaci mutum aƙalla miliyan 200 ne ke fama da ita, kuma a 2017 ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci. Tana yaɗuwa inda ake cunkoso ana haɗa shimfiɗa da tufafi, ko da mutum mai wanka ne. Ba abin kunya ba ne, ba abin tsokana ba ne. Wanda ya ɓoye tasa yana susa cikin bargo, ɗakin gaba ɗaya zai raba wa. A je ɗakin shan magani, a yi wa duk waɗanda ke kwana tare magani lokaci ɗaya, a wanke kaya da ruwan zafi a shanya a rana.

Auta yanzu tana aji ɗaya na ƙaramar sakandare, ita ke kula da akurkin idan ina makaranta. Jikokin Goje ne a ciki. A hutun da ya wuce muna wanke musu tattasai na ce mata, "Kin tuna tambayar da kika yi mini a gindin darbejiya?" Ta ce ta tuna. Na ce, "Maganin ne ya kashe shi. Ciwon yana da magani, ni ne ban tambayi wanda ya sani ba. Kuma tun ranar da kika ce yana susa ya kamata in tashi."

Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Ai na sani, Yaya. Miƙo mini kwanon."